Batirin Rimot da Kaskon Hajiya

Har yanzu idan wani abu ya yi ƙara a kicin sai cokali ya faɗi daga hannuna, sannan in fashe da dariyar da ban san daga inda take fitowa ba. Kwana tara ke nan. Bari in rubuta tun hannun yana yarda.

Disambar bana ni da kakata Hajiya muka cinye ta a gaban talabijin. Ta zo daga Kano ganin likitan ido, ni kuma tun da na gama sakandare na taho ƙasar waje nake zaune wurin Anti, ƙanwar babana, a wani gidan haya bayan titin Wendover. Anti tana fita aiki da sassafe, sai ta bar mu da finafinan Kirsimeti da ake jerawa tun safe har yamma. Hajiya ba ta jin Turanci, ni ce tafinta, ita ce mai sharhi.

"Wai su mutanen nan ba su da aiki sai hawa tsani?" in ji ta. "Ga shi nan zai faɗo. Kin gani ko! Allah ya ƙara."

Kowane fim da ɓarnarsa. Wani ya cusa fulogi goma a soket ɗaya, wata ta bar kyandir kusa da labule. Mu dai dariya muke yi muna cin gyaɗa. Sai ranar da aka sa wani fim mai ɗan kwana-kwana, dogo, mai gemu kamar an zana masa da biro. Yana bin gidaje kafin biki yana danna wani farin faifai a silin. Ya ce akwai iskar da wuta ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ciwon kai da barci, kuma idan faifan ya yi kuka a fita waje kawai. Na fassara wa Hajiya har da kwaikwayon muryarsa.

"Iye! Ja'ira, wannan kam kin fassara shi da zuciya ɗaya," ta ce. "To Allah ya sanya alheri, mun yi miji."

Na ɗaga kai na kalli namu faifan. Yana sanye da hular wanka mai furanni. Anti ce ta sa masa, ta kuma zare batirinsa, don duk ranar da ta kunna turaren wuta sai ya yi ta ihu ya tara mana maƙwabta. Kusan duk gidan Bahaushen da na shiga a garin nan haka nasu yake, wani da safa, wani da leda. Don in ƙular da Hajiya kawai na hau kujera, na cire hular, na zare batirin rimot na sa masa. Na danna, ya tsala ihu.

"Umarnin maigida ke nan," in ji ta, tana toshe kunne. Daga ranar sai mun tashi mu canza tasha da hannu, kullum tana yi mini mita.

Ranar Talata ruwan ƙanƙara ya kwana yana zuba, rassan itatuwa suka karye kan wayoyi, wuta ta ɗauke. Anti tana wurin aiki, hanya ta hana ta dawowa. Kafin azahar gidan ya zama firij. Hajiya ta saka zani uku da safar Anti, haƙoranta suna haɗuwa. Ta ce in ɗauko mata kaskon turare da gawayin da ake gasa nama da shi a baranda. Ni na ɗauko. Ni na hura da murfin tukunya. Na rufe ƙofar ɗaki, har na tura tawul a ƙasanta don kada ɗumin ya tsere. Ko sau ɗaya mai gemun bai faɗo mini a rai ba. Ɗumin ya yi daɗi, wallahi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji kaina yana sarawa, na ga Hajiya ta jingina da bango carbinta ya zame. Na buɗe ƙofa in ɗebo ruwa, ban kai kicin ba faifan ya fara kuka.

"Kashe mijin nan naki," ta ce, muryarta a sanyaye. "Barci nake ji."

Barci. Nan maganar mai gemun ta faɗo mini.

"Hajiya, tashi mu fita. Gawayin nan ne."

"Shekara sittin ina kwana da kasko, ke ko haihuwar ubanki ba a yi ba."

"Ɗakinki na gida iska tana shiga ta ko'ina! Nan kamar kular abinci yake, an toshe ko'ina. Don Allah Hajiya!"

"In fita cikin ƙanƙara in karye? Bar ni."

Ta lumshe ido. Na ja hannunta, ta fizge. Ba zan iya ɗaukarta ba, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba. Sai idona ya faɗa kan baƙar jakarta. Fasfonta yana ciki, da tikitin komawa, da goron da take gutsura kaɗan-kaɗan don ya kai ta Kano. Ko banɗaki da ita take shiga. Na fizge jakar daga ƙarƙashin cinyarta na ruga.

"Ke! Ɓarauniya! Ja'irar yarinya!"

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na wangale ƙofar waje na tsaya ina kaɗa jakar, ina kuka ina dariya. Ga ta nan tafe tana dafa bango, zani uku, ba mayafi, tana lissafo abin da za ta gaya wa babana. Tana tako bakin ƙofa na rungume ta, muka zube tare kan matakala. Da hannu ɗaya na kira lambar gaggawa, ɗayan yana riƙe da ita, ita kuma tana riƙe da jakarta.

Motar kwana-kwana ta iso da jiniya, motar asibiti tana biye. Wadda ta fara saukowa wata gajeriyar mata ce mai furfura, ta kai sa'ar Anti. Ta shiga da na'urarta, ta fito da kaskon a hannu, fuskarta ba wasa. Aka sa mana robar iska a hanci. Hajiya ta janye tata, ta ƙare wa matar kallo, ta juyo gare ni.

"Wannan ne mijin?"

Na yi dariya har na shaƙe, ma'aikacin motar asibiti ya ɗauka numfashina ne ya sarƙe.

Mun ƙarasa yinin a asibiti, aka sallame mu da dare. Anti ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake yin kuka, washegari ta bi ƙawayenta a waya ɗaya bayan ɗaya tana cewa su cire wa nasu faifan hula. Turare yanzu a baranda take kunnawa, cikin rigar sanyi.

Hajiya ba ta ce na kyauta ba. Ta dai ba ni rabin goro, abin da ko Anti ba ta taɓa samu ba. Jiya ina shara na ji ta daga falo.

"Ke, zo ki hau kujera ki danna shi mu ji ko yana nan da rai."

Na hau, na danna. Ya tsala ihu, ta toshe kunne, ta ce madalla. Rimot ɗin dai har yau ba batir.