Hayaƙin Turare a Jirgin Tagulla

Ƙyallin tagulla na fara hangowa cikin kwalin da maigidana ya shigo da shi daga kasuwar Maigatari. Raina ya yi fari, na ce yau dai an tuna da ni, awarwaro ne. Da ya buɗe sai ga ɗan jirgin ƙasa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, da 'yar tukunyar ruwa a cikinsa da bututun hayaƙi. A kayan gwanjo ya tsinto shi. Ya ce in an zuba ruwa an kunna wuta a ƙasa, tururi ke tura shi, kamar wanda kakansa ke ba da labarin wucewarsa ta Gagarawa.

Ni kuwa littattafan soyayya ne suka raine ni. Na zo Gumel ina jiran miji mai kirana hasken idaniyarsa, sai Allah Ya haɗa ni da mai gyaran agogo, wanda zancensa bai wuce "sannu da gida" ba. Ɗan zancen da ya rage ma, jirgin ya cinye shi. In ya tashi sai ya yi 'yar tafiya ya tsaya. Maigida ya ce kanwar ruwan rijiyarmu ce ta toshe shi, ya koma tarar ruwan sama. Man keken ɗinkin da yake ɗiga wa ƙafafun, tururi na wanke shi, ya nemo mai kauri. Da ya fara tafiya sosai, wutar man sifirit ɗin da yake kunna masa ba ta hayaƙi. Cikin gatse na ce, "Wane irin jirgi ne ba hayaƙi?" Ya gwada kananzir, kunkunniya ta baƙanta tagullar, ya shafe mako yana gogewa.

Haƙurina ya ƙare. Na buga wa yayana waya a Sule Tankarkar ya zo da babur ya mai da ni gida. Na ɗaure kayana na ajiye a bakin ƙofa, inda maigida ba zai kasa gani ba.

Ya dubi ƙunshin, ya dube ni. "Amarya, ki bari ya tashi ki gani, sannan ki tafi."

"Malam, shi ka aura. Ya dafa maka tuwo."

Ya shimfiɗa ɗan layin dogon jirgin a tsakar gida bayan la'asar, ya kunna wuta. Jirgin ya ƙi motsi. Ya tura shi da yatsa, ya tofar da ruwan zafi ya tsaya. Ni kunnena na kan titi, duk babur ɗin da ya wuce sai in dubi ƙofa. Ya sake turawa. Wannan karon ƙafafun suka kama, cik-cik-cik, ya fara zagaye. Sai ga hayaƙi fari siriri yana tashi daga bututun.

Ƙamshin ne ya fara iso ni. Turaren wutata ne, wanda innata ta haɗa mini na aure. Ashe ɗan kofi ya ƙera ya maƙala jikin bututun, ya zuba turaren a ciki. Jirgin ya zagayo ta gaban ƙafata yana turara ni. Maigida bai ɗago kai ba, amma na san ni yake kallo.

Sai jirgin ya tsaya. Akwai wani ɗan marfi a saman tukunyar da ke sakin tururi in ya yi yawa, kullum yana 'yar tsuwa. Tsuwar ta ɗauke. Sukarin turaren ya narke ya gangaro kan marfin, ya ƙone ya ƙanƙame shi. Tukunyar ta fara wani ƙas-ƙas, ga ta dab da zanena.

"Matsa!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Bai tsaya neman tsumma ba, da hannu ya sure shi zai jefa bayan rumbu. Kafin ya saki, wata gaɓa ta ɓalle, tururi ya feshe masa tafin hannun dama.

Ina riƙe da hannunsa cikin ruwan randa yayana ya yi sallama. Ya ga ƙunshi, ya ga hayaƙi, ya ga surukinsa na cije leɓe.

"Ke, yaƙi kuka yi? Hau mu tafi kafin magariba."

"Yaya, shi za ka ɗauka. Asibiti."

"To ƙunshin fa?"

"Wanki ne."

Ya yi tsaki ya tada babur.

Hannun ya warke, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, ba sa iya riƙe ƙaramin sukurun agogo. Ya sayar da kayan aikinsa. Yanzu shekaru sun ja, yana da tebur a bakin kasuwar Gumel, yana sayar da batir da cajar waya. Da hagu yake miƙa wa mutane canji, sai ya riƙa ba su haƙuri, har yaran da ba su kai jikokinsa ba.