Ranar da Aka Yanke wa Kabugo Layi

Kabugo bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Tun yana yaro a Nyendo uwarsa take cewa kamar an zuba masa ƙaiƙayi a kan kujera. Ana saura kaɗan ya gama sakandare ya ajiye karatu, ya ɗare bayan motar ayaba ya shigo Kampala. Ya yi kwandasta, ya yi acaɓa har ya karya kafaɗa, ya soya fara a lokacinta, ya kasa takalman gwanjo a bakin titi. Kowace sana'a da ta fara kama ƙasa sai ya ji ta gundure shi.

Abin da ya riƙe shi a ƙarshe bakinsa ne. Akwai wani gidan kallo a bayan kasuwar Kalerwe, rumfar katako da bencina, inda ake nuna finafinan ƙasashen waje ana fassara su da yaren Luganda. Wata rana mai fassarar ya tafi jana'iza, jama'a suka fara buga benci. Kabugo ya miƙe ya karɓi makirfon. Turancinsa ba wani mai yawa ba ne, amma inda bai gane ba sai ya cike da nasa. Sojan Amurka ya koma ɗan garin Masaka mai rowar nama, gimbiyar Koriya ta koma yarinyar da ke gaba da uwar mijinta a kan tukunyar ayaba. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Da mai fassarar ya dawo, bai tarar da aikinsa ba.

Cikin 'yan shekaru Kabugo ya buɗe shagonsa. Ya manna soson katifa a bango don ƙarar kasuwa, ya sayi kwamfuta, ya ja layin intanet. Yakan sauko da fim, ya ɗora muryarsa a kai, ya tura wa mutane a waya ko a filashi. Masu tumatir, 'yan acaɓa, masu aikin gida, har 'yan sandan unguwar, duk abokan cinikinsa ne. Ko naɗar muryar ma a tsaye yake yi, yana kai da kawowa a ɗakin da bai fi tabarma biyu ba. Shi ya ɗauko ƙanwarsa Prossy daga ƙauye ya sa ta a makaranta, don ita kam tana da haƙurin zama. Da ta gama ta sami aiki a kamfanin intanet ɗin da yake amfani da layinsu, ya yi ta yi wa mutane alfahari da ita.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Masu finafinai suka matsa wa kamfanonin intanet lamba. Ya wayi gari ya buɗe shafin da ya saba ɗauko fim, ya ga an toshe. Ya nemo wani, bayan kwana biyu shi ma aka toshe. Wani abokinsa ya sa masa manhajar ɓoye sawu, ta yi aiki na ɗan lokaci, amma tana jan ƙafa, shi kuwa ba ya iya jira, sai ya riƙa kashe ta.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Barka da hantsi, yallaɓai. Daga kamfanin intanet ake kira. Ina magana da mai wannan layi?"

"Prossy? Ni kike ce wa yallaɓai?"

"Yallaɓai, ana naɗar wannan kira. An kawo mana ƙorafi cewa ana sauke finafinai ana rarrabawa ta layinka ba da izinin masu su ba."

"Ke, ni na koya miki ɗaure takalmi fa!"

"Idan aka ci gaba, za a dakatar da layin. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

"Akwai. Ki zo gida ki maimaita a gaban idona."

Ta zo kuwa, da yamma, ta tarar matarsa ta sauke ayaba da miyar gyaɗa. Ta zauna ta ci, shi yana tsaye a kanta.

"Yaya, sunanka ne ya fito a gabana. Da na miƙa wa wani, da ba kira za a yi ba, yankewa kawai za a yi."

"To wa na kashe? Baturen da ya yi fim ɗin ya san akwai wani wuri wai shi Kalerwe? Maama Nassali mai tumatir ce za ta je silima a Kololo, unguwar masu kuɗi?"

"Ni ban ce za ta je ba. Aikina nake gaya maka."

"Aikin da fim ɗin nan ya kai ki."

Ta ajiye cokalin. "Na sani. Ba sai ka tuna min ba." Ta wanke hannu ta fita, bai raka ta ba.

Bai daina ba, aka yanke layin. Daga nan ya shiga yawo. Ya ja na wani kamfani da sunan matarsa, aka yanke. Ya roƙi mai shagon aski ya jona a nasa, mai askin ya sami gargaɗi ya zo ya tsinke wayar da hannunsa. Ya riƙa hawa acaɓa zuwa Bwaise, zuwa Nansana, duk inda aka ce wani yana da sabon fim, ya dawo da rabi ko ya dawo hannu wofi. Ya rame. Abinci ma a tsaye yake ci.

Babbar matsalarsa wani dogon shiri ne na ƙasar Filifin da ya fara fassarawa, ya tsaya daidai inda amarya, wadda zuciyarta ke kan wani direba, ta gudu daga coci. Matan kasuwa suka hana shi sakat. Wata ranar Asabar Maama Nassali ta zo da zugarta suka tare ƙofar shagon.

"Kai ɗan nan, ka bar mu a rataye. Ta koma wa direban ko ba ta koma ba?"

"Maama, layin ne..."

"Layin uwar wa? Ni barci ba na yi. Kai da ka san Turancinsu, ba ka san ƙarshen ba?"

Bai sani ba. Amma ya ga idanu sun yi masa caa, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. Ya ce ai amaryar motar gawayi ta hau, ta sauka a wani gari ta kama sayar da shayi. Ya yi muryar direban, ya yi ta uwar ango tana kururuwa, ya hau kan akwatin lemo ya yi limamin cocin. Masu wucewa suka tsaya. Har ya kashe ango a hatsarin kwale-kwale, Maama Nassali ta ce Allah ya ƙara, wata ta fashe da kuka.

Da taron ya watse wata mata ta rage, doguwa, rungume da jaka. Sunanta Kemigisha, mai shirya finafinan gida ce, kuma ba sauraro ya kawo ta ba. Ta ɗaga wayarta ta nuna masa fim ɗinta, da sunan shagonsa yana yawo a ƙasan hoton.

"Filin mahaifina na sayar na yi wannan. Kafin in nuna shi ko sau ɗaya, mai aikina ta riga ta kalla a wayarta. Ni ma Baturiya ce da ban san Kalerwe ba?"

Ashe maganar da ya yi wa Prossy kan Bature ta zaga. Kabugo ya dubi hoton. Ya ce wani ne ya kawo masa. Ta ce ta sani, kowa wani ne ya kawo masa. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Wannan labarin na motar gawayi, a ina ka gani?"

"Yanzu na ƙirƙira."

"Ƙarya kake."

"Ai sana'ar ke nan, hajiya."

Ba ta yi dariya ba, amma ta karɓi lambarsa.

Fim ɗaya suka yi tare, kuma sun sha faɗa. Ba ya iya rubutu a zaune, sai dai ya yi ta zagaye yana magana wani yana rubutawa, gobe ya zo ya rushe abin da ya faɗa jiya. Da fim ɗin ya fito, mako bai cika ba ya gan shi a intanet, an goge sunayensu, wani yaro mai muryar agwagwa yana surutu a kai. Ya yi ta zagaye shagon yana huci, sannan ya kira Prossy, karo na farko tun ranar miyar gyaɗa.

"Ku toshe shi! Yanzu!"

"Yaya, sai ka kawo shaidar cewa naka ne."

"Muryata ce shaida!"

"Ka zo ofis da safe. Zan tsaya maka."

Ta tsaya masa, aka toshe shafin. Kafin Lahadi wasu biyu sun fito. Ya koma aka toshe su, wasu suka sake fitowa, har ya gaji da hawa benen ofishin.

Yanzu ya bar wa matarsa shagon, ta mai da shi wurin cajin waya da sayar da lemo. Shi da Kemigisha suka yi hayar tsohuwar mota da lasifika a kanta, suna bin garuruwa da farin ƙyalle da janareta, su nuna sabon fim a filin makaranta ko harabar coci kafin ya isa wayoyin mutane. Wani lokaci suna riga ɓarayin, wani lokaci su isa su tarar yara suna faɗin ƙarshen labarin. In haka ta faru Kabugo yakan rage sautin fim ɗin, ya karɓi makirfo, ya canza wa kowa magana, Kemigisha tana bayan mota tana zaginsa. A watan jiya an gan su a Mityana, suna tambayar hanyar Mubende.