Raƙumi ya cinye mini ɓaure

Jama'a, wata biyu ina gadin ƙasa, ashe ɓarawon ta sama zai zo!

Kun san ɓauren nan na bayan ɗakina. Tun da ya fara ƴaƴa tururuwa suka sa shi gaba. Na zagaye gindin da toka, na ɗaura masa tsumma mai baƙin mai, har barkono na barbaɗa. Ko kiyashi ɗaya bai ƙara hawa ba, ɓaure ya nuna lafiya lau.

Yau da hantsi na ɗauki kwano zan tsinka. Ina duƙe ina ƙara toka, sai na ji ganye na zubo mini a ka. Na ɗaga ido. Raƙumi! Ya miƙo wuya ta kan katanga, yana tauna hankali kwance!

Na kurma ihu, na fita da muciya a hannu. Mai shi wani dattijo ne, makiyayi daga Tenhiya, ya tsaya sayen ganyen shayi.

Na ce, "Baba, raƙuminka ya gama da ni!"

Ya leƙa ya ce, "Ayya ƴata, yi haƙuri. Shi ba ya cin abu sai mai kyau."

Wai yabo ke nan!

Ya ciro cuku biyu daga jaka ya ba ni. Na ajiye kan tabarma, na je duba abin da ya rage. Ɓaure huɗu kacal! Kafin in dawo, tururuwa sun rufe cukun baƙi ƙirin!