Hoton da Rumbu Ya Fito, Kaka Ba Ta Fito Ba

Abin da na fara gani da na shigo gida ranar jajibirin Kirsimeti, shekarar da nake aji biyar a firamare, shi ne akwatin ƙarfen marigayi kakanmu a buɗe a tsakar gida. Daga injin niƙa na dawo, kwanon garin dawa a kaina, ƙafafuna fari fat. Warin kafur ya cika gidan. Tun da aka binne Baba Soja, kamar yadda duk unguwarmu a Zuru ke kiransa, ba wanda ya taɓa akwatin nan. Ga shi yau Baba Bitrus, ƙanen mahaifina da ya zo hutu daga Kaduna, ya durƙusa a gabansa yana ture tsofaffin kaki, yana neman wani abu.

Idanun kyamara yake nema, wato gilasan nan masu nauyi da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Guda biyu ne, kowanne naɗe cikin safar soja. Baba Bitrus ya sayo sabuwar kyamara irin ta masu fara koyo, wadda ba ta cin fim, amma gangar jikin kawai ya saya, don mai shagon ya tabbatar masa tsofaffin idanun za su hau. Suka kuwa hau. Ya murɗa ɗaya, ya ce ƙas, Baba Bitrus ya yi tsalle kamar yaro. "Ku zo ku gani! Na tsoho ya auri ta zamani!" Matan da ke gyaran shinkafa a gindin mangwaro suka kwashe da dariya.

Ni na san idanun nan fiye da kowa a gidan, sai dai ba wanda ya san na sani. Yarinya ce ni marar magana. Idan sa'o'ina suna carafke ko 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina raɓe kusa da kujerar Baba Soja, ina kallonsa yana goge gilasan da ƙyallen tsohuwar singileti. Ya koyi ɗaukar hoto a bariki, bayan ya yi ritaya kuma ya ci gaba da ɗaukar 'yan coci da masu aure. Wani lokaci yakan ɗora mini tsohuwar kyamararsa a fuska, ya kama yatsuna ya sa a kan wani zobe mai kaushi da ke jikin idon. "Juya a hankali, Rifkatu," yakan ce, "sai kin ga gashin idon mutum tukuna." In juya, kazar da ke gabana ta fito daga hazo, ta koma, ta sake fitowa.

Kakarmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko mijinta bai ci nasara a kanta ba. Cewa take yi wanda ke son ganinta ya tako ya zo. Amma a ranar Kirsimetin nan, bayan an taso daga coci, da ta ji cewa da gilashin maigidanta za a ɗauka, sai ta shiga ɗaki, ta fito da zanenta na zumuntar matan coci. Aka ajiye mata kujera a gaban rumbu. Ta zauna ta miƙe wuya, tsagen fuskarta na sheƙi da man kaɗanya, tana yi wa Baba Bitrus faɗa da yarenmu na C'lela cewa ya yi sauri, miya na kan wuta.

Ina tsaye a gefensa. Na ga yatsansa yana danna maɓalli, na ga hannunsa na hagu a ƙarƙashin kyamarar, bai ko kusanci zoben ba. Zoben bai motsa da kansa ba. Maganar ta zo mini har baki. Amma ga manya cike da tsakar gida, ga baƙi, ga Baba Bitrus mai takardun makaranta da agogo. Wace ce ni? Na haɗiye. Ya duba ɗan allon bayan kyamarar cikin hasken rana, ya ce, "Mama, kin fito kamar amarya!" Kaka ta ce, "Amaryar ubanka," ta tashi ta koma wajen miyarta.

Sai da aka wanko hotunan bayan sabuwar shekara muka gani. Rumbu ya fito tas, har ana iya ƙirga ciyawar jinkarsa. Dutsen da ke bayan gidanmu ya fito. Kaka kuwa dishi-dishi, kamar ana hangenta ta cikin hayaƙin murhu. Mai wankin hoton ya yi bayani cewa ƙananan kyamarorin nan ba su da ɗan injin da ke juya tsohon ido, dole mutum ya juya da hannunsa. Baba Bitrus ya ce ba komai, da Ista zai sake. Kaka ba ta kai Ista ba.

Ban taɓa gaya masa na sani ba. Ya sayar da kyamarar, idanun suka koma cikin safa.

Yanzu kowa na da kyamara a aljihu, wadda ba ta neman a juya mata komai. Bara ƙanwata Hannatu ta sa hoton nan na Kaka a wata manhajar waya mai gyara fuska, ta turo mini da murna. Na buɗe na ga wata tsohuwa kyakkyawa, fatarta sumul, babu tsage ko ɗaya. Ban san ta ba. A cikin hazon nan aƙalla ina gane yadda Kaka ke miƙe wuya idan tana sauri.

Na kira Hannatu na ce, "Don Allah ki goge wannan. Ki turo mini na asalin, yadda yake."