Bindigar da Ban Gada Ba

Ina tsaye gaban mahauci a unguwar Château Rouge ta Paris, ranar Asabar da hantsi, wayata ta yi ƙara. Hajiya Mariyama ce daga Lyon. Da na ji ba ta tsaya gaisuwa ba, na san ba lafiya ba. "Habu, sai haƙuri. Babanka ya riga mu." Na yi salati, na bar naman a kan sikeli, na fito bakin titi ban san inda zan nufa ba.

Baba Isuhu, mijin Hajiya, ba shi ya haife ni ba. A wani sito na Aubervilliers, gefen Paris, muka haɗu muna sauke kwalaye, ni sabon zuwa, shi furfura ta fara. Ya riƙe ni kamar ɗansa. Jikan mafarauta ne na ƙasar Damagaram, kuma da aiki ya mai da shi wajen Lyon, sai ya yi abin da ban taɓa jin wani namu ya yi ba: ya zauna jarrabawa ya ci permi, takardar izinin farauta. Manoman yankin suka san shi. Su kan kira shi idan ragondan ta addabe su, wata dabba mai kama da gafiya da ke rarake bakin tafki.

Ni na raka shi ranar da ya sayi bindigarsa. Muna shiga shagon na nuna wata ƙatuwa mai sheƙi. Ya dube ni ya yi murmushi. "Gafiya za ka halba ko giwa?" Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya kai waccan kafaɗa ya girgiza kai, har mai shagon ya gaji ya nemi kujera. A ƙarshe ya zaɓi ƙarama, mai cin harsashin da ake kira 22, marar nauyi, marar ƙara sosai. Ya ce akwai gidaje da shanu kusa da tafkunan, kuma harsashin da ya fi ƙarfin dabba ba ya sanin inda zai tsaya.

Bai gama da ni ba. Ya sayi harsashi iri uku, muka wuni yana gwada su yana harbin takarda, ni ina hamma. "Bindiga baƙuwa ce," in ji shi. "Sai ka gano tuwon da take so." Wata rana wani manomi ya nuna masa yanyawar da ke cinye masa kaji, can nesa a bakin gona. Baba ya sauke bindigar, ya ce wannan harsashi ba zai kashe ta daga nan ba, raunata ta kawai zai yi, shi kuwa ba ya barin dabba ta tafi da ciwo. Manomin ya ji haushi, Baba bai damu ba.

Ba ya harbi sai ya yi bisimilla. Na taɓa tsokanarsa, na ce ai ba ci za mu yi ba. Ya ce, "Rai ne, Habu. Mai shi na kallonmu."

A gidansu ba a sayar da bindigar mafarauci. A kan ɗora ta a hannun wanda ya bi shi daji. Ɗansa Salisu yana karatu a Paris, ko yankan kaza ba ya iya kallo. Shi ya sa Baba ya ce da ni, "Kai za ka riƙe ta. Amma nan ba Damagaram ba ce. Tahi ka yi permi." Na ce to. Ya ba ni littafin jarrabawar, na kai ɗaki na ajiye. Tsoron faɗuwa ne da lalaci, ba ni da wani uzuri. Duk Sallah sai ya tambaya, ni kuma in ce bana, Baba, in Allah ya yarda. Bai taɓa yi mini faɗa ba.

Bayan sadakar bakwai, Hajiya ta sa aka fito da bindigar cikin jakarta. "Babanka ya ce taka ce," in ji ta. Ita gida za ta koma in ta fita takaba, Salisu kuwa ɗakin ɗalibai yake, ba inda zai kai ta. Ni da Salisu muka ɗauke ta zuwa shagon da aka saye ta. Mai shagon ya tuna Baba, ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ce ba permi, ba zai iya rubuta ta da sunana ba. Na roƙe shi ya jira ni. Ya ce zai rataye ta don sayarwa, in na riga mai saye kawo takarda, tawa ce. A makon na rubuta sunana a jarrabawar, suka ba ni rana bayan wata uku. Kwana ashirin bai cika ba ya kira ni, ya ce wani ya saya.

Har yau ban iya gaya wa Hajiya ba. Abu ɗaya Baba ya nema a wurina, na kasa, kuma babu ƙofar da zan buga in gyara.

Allah ya jiƙan Baba Isuhu, ya yalwata kabarinsa, ya yi masa sassaucin da shi ya yi wa ƙananan halittu. Allah ya ba Hajiya Mariyama da Salisu haƙurin rashi, ya tsaya musu a baƙuwar ƙasa. Ni kuma, Baba, ban samu na ce ka yafe mini ba. Allah ya isar maka da roƙona, amin.