Jegon Audi Mai Hawasha

A wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da garin Hajj Abdalla, a yankin Jazira, in ka tambayi gidan Audi, gona za a nuna maka, don can yake. Shekarunsa sittin da ɗaya, kuma in aka tace, hamsin daga ciki a ruwan tur'a ya yi su, babbar magudanar nan da ke shayar da gonakin Jazira. A nan ya koyi iyo, a nan ya kama kifi da rigarsa, a nan kuma ya kwaso tsargiya yana ɗan shekara tara. Ran da ya fara ganin ja a fitsarinsa ko kuka bai yi ba, tsalle ya yi. A zamaninsu, yaron da bai yi fitsarin jini ba, sa'o'insa ba sa sa shi a sahun maza.

Ya gaji hawasha daga mahaifinsa, wato gonar da hukumar noman Jazira ta yanka wa gidansu tun zamanin kaka. Ya auri Indo, suka haifi shida. Biyar suka watse birane, aka bar musu auta, Ibtisam, wadda in ka yi mata Hausa sai ta ba ka amsa da Larabci, ta kuma ga kai ne da laifi.

Da girma ya zo, jinin ya dawo, wannan karon da zafi. Audi ya shekara yana shan jiƙo yana cewa tsohon aboki ne ya kawo ziyara, har Indo ta gaji ta tasa ƙeyarsa zuwa asibitin birnin Madani. Likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, kuma tsargiyar yarinta ce ta share masa fili. Aka kankare, ya sake tsirowa. Sai 'ya'yan suka haɗa hannu aka kai shi Masar.

Can aka yi masa aikin da har yau bai gaji da ba da labarinsa ba. An ɗura masa wani magani ta jijiya, mai taruwa a mugun naman ya sa shi ya kasa jure haske. Bayan kwana biyu aka zura siririn zare mai fitila a baki har cikin mafitsara, aka haska. Saura kuma maganin da suke kira kimawi, wanda za a riƙa zuba masa a mafitsarar mako-mako a Madani. Audi ya fahimci abin da kan manomi: fitila ta sare ciyawa, kimawi zai bi saiwa.

Sai dai maganin farkon bai san mugun nama kaɗai ba, har fata yana shiga. Likita ya kafa masa doka: kwana talatin kada rana ta taɓa shi. In cikarsu ta zo fata lafiya, a fara kimawi. In ya ƙone ya yi gyambo, sai a ɗaga, kuma ciwon ba ya jiran kowa.

Aka dawo da shi gida a lulluɓe kamar amarya. Washegari ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida. Shi a saninsa ya bi doka sau da ƙafa. Duk wanda ya tashi a Jazira ya san duniya kashi biyu ce, rana da rakuba. Abin da bai lissafa ba, karan rumfar ya shekara uku ba a sabunta ba, duk ƙofofi ne. Kafin la'asar fuskarsa da bayan hannuwansa sun yi ɗigo-ɗigo ja, sun tasa, sai ka ce zabo. Ibtisam ta ɗauki hoto ta tura wa likita. Amsa ta zo a gajarce: wannan an tsira, na gaba ba za a tsira ba.

Daga ranar sai ɗaki, an toshe taga da bargo.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan al'amari shi ne Mato, taubashinsa, wanda hawasharsa ke ƙasa da ta Audi a kan magudana ɗaya. Shekara talatin Audi yana zarginsa da satar ruwa, shekara talatin Mato yana rantsuwa. Kullum da hantsi sai ya leƙo.

"Salamu alaikum. Ina mai jego? Indo, an dama mishi kunun kanwa kuwa?"

"Fita min daga gida, ɓarawon ruwa."

"Yaushe ne suna? Ni zan kawo rago."

Haka aka yi ta yi har kwana na goma sha tara, ranar da layin ruwa ya zo kan gonarsu. Damina ta ɗauke, dawa ta yi ciki. In ta rasa wannan sha, sai bayan mako biyu, kuma kafin nan zangarniya ta fito ba ƙwaya. Ruwan kuwa da fitowar rana ake sakinsa, da la'asar a rufe. Tun da Audi ya karɓi gonar bai taɓa bari wani ya ba ta ruwa ba, ko ranar sunan 'ya'yansa.

Da sassafe Indo ta same shi ya zura jallabiya biyu, ya naɗe fuska da rawani, ya sa safar ƙafa a hannuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Malam, ina zuwa?"

"Gona. Na rufe ko'ina."

"Da safar Ibtisam za ka riƙe fartanya cikin laka? In ta jiƙe ka cire, ko ba haka ba? Na san ka."

"Indo, abincin shekara ne."

"Dawa ana sake shukawa. Kai fa?"

Ibtisam ta sa baki daga bayan uwarta, ta kira uban da Larabci: "Yaba, saura kwana sha ɗaya kacal."

Ana cikin haka sai ga Mato. Ya dubi Audi sama da ƙasa, dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Da ya huce ya miƙa hannu.

"Kawo fartanyar, taubashi. Ni zan ba ta ruwa."

"Kai? Yaushe aka fara ba kura ajiyar nama?"

"To, saurara. Kusurwar gabas, wajen ƙayar nan, tudu ce. In ba ka fara da ita ba tun ruwa na da ƙarfi, ba ta sha. Fangali na huɗu yana da kwari, rabin lokaci ya ishe shi. Sannan kada a buɗe kafar ruwa ta tsakiya, don akwai rami ƙarƙashin kunya, rabin ruwan zuwa gonata yake wucewa."

Audi ya sassauta rawanin daga bakinsa. "Wane rami? Shekara nawa ina neman wanga rami! Na ɗauka gafiya ce."

"Gafiyar ga ta gabanka. Da kara na huda shi, shekarar da anka haifi Ibtisam."

Indo ta juya baya, tana ƙunshe dariya. Zagi ya cika wa Audi baki, amma ƙasan zagin akwai wata gaskiya da ta ƙi tafiya: duk faɗin Jazira babu wanda ya san hanyar ruwan gonar nan kamar mutumin da ya yi shekaru yana karkatar da shi. Ya zare safar daga hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a bakin gado.

"Fartanya tana bayan randa. In ka karya mata ƙota, kai da Allah."

Wunin nan ya yi wa Audi tsawo. Ya ƙi cin abincin rana. Ya yi azahar, ya yi la'asar, yana bin fangali-fangali a zuciyarsa, yana gyara wa Mato kuskuren da bai gani ba.

Dab da magariba Mato ya shigo, laka har cinya, ya ajiye dunƙulen ƙasa a gaban Audi.

"Daga kusurwar gabas."

Audi ya ɗauka ya matse. Ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa ya ɗiga a tabarma. Ya shinshina, ya sake matsewa.

"Ya yi yawa," ya ce.

"Ka ji butulu."

"Indo, a kawo mishi tuwo, a ƙara man shanu." Ya goge hannu a jallabiya, sannan ya ɗago. "Ramin fa?"

Mato ya ja akushi gabansa, ya wanke hannu a natse.

"Na toshe," ya ce. "Har zuwa ran da ka gama kimawi."