Bindigar da Nafi'u Ya Sa Aka Yanke

Ƙanena Nafi'u ya sa an yanke bindigar kakanmu. Yana zaune a bene hawa na ashirin a Bukit Jalil, inda yake karatun zama dakta, ya ɗaga waya ya kira gida ya ce a kai ta wurin mai walda a rage mata tsawo, a feƙe ƙotar, wai ta cika nauyi. Bindigar nan tawa ce, kowa a gidanmu ya sani. Gari ɗaya muke zaune da shi a nan ƙasar waje, ina unguwar Chow Kit ina ɗaure wa 'yan kasuwa kaya, amma bai ga na isa a tambaye ni ba. A guruf ɗin 'yan gidanmu na ga hoton. An jingine ta da bango, guntuwa, kamar ba ita ba.

A aji biyu na sakandare na tsaya, don haka mai neman rubutu mai ado ya nemi wani. Abin da na sani zan faɗa.

Kakarmu, Iya muke ce mata, matar maharbi ce. Mijinta ya rasu ina ɗan shekara huɗu, ban riƙe fuskarsa ba, bindigarsa kawai na sani, doguwa, baƙa, a rataye a ɗakin Iya. Lokacin sanyi, in an gama tuwo, Iya ba ta bari a kashe murhu. Sai ta tura kara biyu uku, ta binne rogo a toka, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Tana da tari, kuma ba ta fara magana sai ta gama shi tsaf. Sannan ta ce, "To, ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata." Haka take buɗe tatsuniyarta.

Akwai guda ɗaya da na fi so. Wai an yi wani gwanki mai farin goshi da ba ya bari a matso shi. Kullum yana can ƙetaren fadama, kana ganinsa yana ganinka, in ka ƙara taku ɗaya ya tafi. Wani maharbi ya rantse sai ya kawo shi. Ya je wurin maƙeri ya ce a ƙera masa bindiga marar nauyi, don daga gari zuwa fadamar tafiyar rabin yini ce. Aka ƙera. Ya isa garau, bai gaji ba, ya saita ya harba. Bindiga ta yi tsalle ta doke shi a kafaɗa ya zauna a laka, harsashi ya faɗa ruwa a tsakiyar fadama. Gwanki ya ɗago kai ya dube shi, ya ci gaba da kiwo.

A nan Iya takan kwaikwayi gwankin, ta karkata kai tana tauna bakin da ba haƙori, mu yi ta birgima.

Maharbi ya koma cikin fushi ya ce a ƙera masa mai nauyin da ba a taɓa yi ba. Ita wannan za ta kai har bayan fadamar, ba ta tsalle, ba ta rawa. Sai dai kafin ya isa da ita kafaɗarsa ta saɓule, numfashi na fita da ƙyar. Ya ɗaga, hannu na karkarwa, bakin bindiga na zagaye kamar mai neman ɓataccen yaro. Ya kasa harbawa, ya jawo ta a ƙasa ya dawo.

Sai maƙerin ya ce ba zai ƙara ɓata gawayinsa ba. Ya ba shi dogon ƙarfe da ludayi. Ya ce, ka ɗauki ƙarfen nan ka je inda kake tsayawa, ka ɗebi ruwa a ludayi ka rataya a bakinsa, ka ɗaga kamar za ka harba. In ruwa ya zube ka dawo. Ruwa ya zube. Maƙeri ya yanke faɗin yatsa ɗaya, ya ce gobe ka koma. Maharbi ya ce, yanke kamu guda mana a huta. Maƙeri ya ƙi.

"Don me ya ƙi?" Iya takan tambaye mu, tana juya rogo.

"Don in an yanke ba ya komawa," mu amsa.

"Madalla, ashe kunnuwan ba na ado ba ne."

Haka aka yi ta yi, yatsa yau, yatsa gobe, har ranar da ruwa ya tsaya cak a ludayi. A nan maƙeri ya tsaya, ya ƙera bindiga daidai wannan nauyin. Har yanzu da nauyi, maharbi na ƙorafi, amma nauyin da zai iya ɗagawa bayan ya sha tafiya. Ranar gwanki bai ɗago kai ya dubi kowa ba.

"Na sauke muku ita nan," Iya ta ce, "mai ƙarfi ya ɗauka."

Daga nan sai a jawo taɓarya. Iya ta rataya ludayin ruwa a bakinta, kowa ya gwada. Nafi'u ƙarami ne, yana ɗagawa sai ya sheƙe da dariya ruwa ya jiƙa shi. Iya ta ce, "Kai dai mijina, hannunka na alƙalami ne, je ka zauna." Ni kuwa nakan cije leɓe har jijiyar wuya ta tashi. Ta ce mana haka aka yi wa bindigar mijinta, da kafaɗarsa aka auna ta, ba da sikeli ba.

Ina da shekara goma sha shida ta fara bari in gwada da ita kanta bindigar. Sai na je gona na dawo tukuna, ba ta yarda a gwada da hutaccen hannu. Shekara huɗu ruwa na zuba. Ban taɓa cewa a rage ta ba. Ranar da ya tsaya, Iya ta kira babanmu ta ce, "Ka shaida, ta Sale ce." Aka ba Nafi'u boko, aka ba ni bindiga. Ban yi hassada ba, wallahi. Gani nake an yi rabo daidai.

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan. A nan ko harsashi ɗaya aka gani a aljihunka ka shiga uku, don haka tana can gida a kulle, duk zuwa ina goge ta da mai. Ina cikin ɗaure kwalaye ana ruwan nan na la'asar da ba ya fashi, sai in tuna da ita, in ce akwai abu ɗaya da ke jirana yadda na bar shi.

Na daɗe ina zaton darasin Iya shi ne a daure wa nauyi. Shi ya sa da Nafi'u ya zo da iyalinsa na ce duk kayansu nawa ne. Ni na tarbo su a filin jirgi, ni na nemo gida, ni na hau da firij a baya ranar da lif ya lalace. Da matarsa ta haihu, sati biyu ina yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshe, daga unguwar Sentul ina kai musu. In abokansa sun zo sai ya ce, "Wannan Sale ne, yana taimaka mana." Ba ya cewa yayana. Na haɗiye. Sai yanzu na lura na manta rabin tatsuniyar. Ai maharbin da ya ɗauki wadda ta fi ƙarfinsa ma Iya dariya take masa.

Abin da ya faru shi ne, wan matar Nafi'u ya shiga cikin masu gadin gonaki a gida, ya nemi aron bindiga, aka ba shi ban sani ba. Ya ce ta yi masa nauyi. Nafi'u ya shiga intanet ya karanta abin da Turawa suka rubuta a kan nauyin da ya kamaci bindigar farautar nesa, ya sa aka ɗora ta a sikelin mai sayar da hatsi, ta wuce lambar da ya gani, ya ce a yanke. An ce harbin farko ta buge surukin nasa a kafaɗa, kwana uku ba ya iya ɗaga hannu, gursunun da ya harba kuma ko gudu bai yi ba.

Ranar Asabar na same shi a mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke ƙarƙashin benensu, yana shan shayi da kwamfuta a gaba.

"A'a, Yaya, zauna mana. Ka yi makan? Ka ci abinci?"

Ban zauna ba. Na nuna masa hoton.

"Haba Yaya, it's just an old gun lah. Na yi research fa, nauyinta ya wuce standard. Gyara ta aka yi. In ka koma sai a ƙera maka wata."

Na dube shi, na ga da gaske yake, bai ma san abin da ya yi ba. Wannan ya fi min ciwo.

Na ce, "Nafi'u, wanda ya rubuta lambar nan ya taɓa ganin kafaɗata? Ya san nisan fadamarmu? Shekara huɗu na yi kafin in isa ɗaukar bindigar nan, kai ka gama da ita cikin waya ɗaya, don wani ƙato ya ce ta yi masa nauyi. Kana wurin lokacin da Iya ke tambaya me ya sa maƙeri ya ƙi, har da bakinka ake amsawa. To ka ji. Zan gaishe ka a masallaci, in ka yi ciwo zan zo dubiya, don Allah ya ce a yi. Amma firij ɗinka, da kwalayenka, da baƙinka na filin jirgi, ka nemi mai taimaka maka. Shekara uku ina ɗauke da kai hannuna na karkarwa. Yau na sauke."